Gwaggo Mai Wake da Katunan Fatakwal

Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne kuma Ya karɓi abarSa. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na Asata, cikin Inugu, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ina wurin aiki a Fatakwal aka kira ni. Kafin in iso an riga an kai ta makwancinta, sai zaman makoki na tarar.

Kwana biyun farko, maganar kowa iri ɗaya ce. Matan kasuwar Ogbete, Hausawa da Ibo, sun cika tsakar gida suna cewa ba a taɓa samun tsakuwa a waken Gwaggo ba. Mahauta suka ce ba ta taɓa ɗaga wa wani murya ba, duk da cewa kallonta kaɗai ya isa. 'Yan'uwanmu na Anacha suka tuna yadda take aika musu daddawa ba tare da sun tambaya ba. Gwaggo mai wake, haka aka san ta shekara arba'in da wani abu, haka kuma ake yi mata addu'a.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an shafa addu'a ana raba waina, sai wata tsohuwar mota ta tsaya. Wani dattijon Ibo ya fito da sanda, cikin baƙar kwat. Ya cire takalmi ya yi sallama da Hausarsa da ta ji jiki, sannan ya koma Turancin broka. Ya ce ya zo gaisuwar Madam.

Liman ya dubi Baba. "Alhaji, anya ba ɓatan gida ya yi ba?"

Dattijon ya ce bai yi ɓatan gida ba. Ya ce marigayiyar ita ta koya masa aiki. Shekara biyar suna ɗaki ɗaya a wani kamfanin mai a Fatakwal, ɗakin kwamfuta. Ya ce lissafin da ke gaya wa injiniyoyi ƙarfin man da ke gudu cikin bututu, ita ta rubuta shi da hannunta, kuma bayan ta tafi sun yi shekaru suna amfani da shi ba wanda ya yi gigin taɓa layi ɗaya.

Wani mahauci ya ce, "Kwamfuta? Gwaggon da ko wayar hannu sai an danna mata?"

Sai dattijon ya zaro hoto daga aljihu, baƙi da fari. Maza shida ne a tsaye, da mace ɗaya a gefe ta yafa gyale, bayansu wasu dogayen akwatunan ƙarfe. Hoton ya zaga hannu zuwa hannu, aka shiga da shi cikin gida. Muna jin salatin mata daga waje. Wata ta ce ai wannan asibiti ne. Wata ta ce injinan wanki ne, ƙila wanki ta yi wa Turawa. Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce fuskar dai ta Yaya ce, amma ita ba ta gane komai ba.

Baba ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa. Ya mayar wa mai shi, ya ce, "Mun gode. Allah Ya ba da lada."

A duk taron nan ni kaɗai na san wani abu game da maganar, kuma a ranar na gane rabi na sani. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa a gida ba. Na riƙe shekara ashirin da 'yan kai. Yanzu da wani ya riga ni faɗa, ina ganin gara in rubuta abin da na gani, kada a manta da ita da rabin sunanta. In na yi laifi, Allah Ya yafe min.

Abin da kowa ya sani a gida kaɗan ne. A Asata aka haife ta. Kakanmu dillalin shanu ne, ya sa ta makarantar mishan don ya sami mai karanta masa takardu, aka yi ta zaginsa a kan haka. Da rikici ya tashi suka gudu Kano da abin da hannu zai iya ɗauka, a can ta koyi buga tafireta. Bayan yaƙin basasa iyali suka dawo Inugu suka tarar da rabin rufin gidan babu. Ita kuma aure ya kai ta Fatakwal, wurin wani direban tanka, lokacin da garin ke cika da baƙi saboda mai. Mijin bai yi shekara biyu ba ya rasu a hanya. Ba su haihu ba. Daga nan labarin gida yakan ce "ta ɗan yi aikin ofis," sai kuma a tsallaka zuwa ranar da ta dawo ta kafa rumfar wake. Ba wanda ya taɓa tambayar wane ofis.

Tana da wata ɗabi'a da muka ɗauka camfi ne. Duk takardun da ta tara, ko wasiƙu ne ko katunan asibiti, sai ta daidaita su ta ja layi a karkace a gefensu da jan biro, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inna takan ce wani tsari ne da aka ba ta a Kano. Dattijon nan ne ya warware mana, yana zaune yana juya waina a hannu bai ci ba. Ya ce a zamaninsu a jikin kati ake huda umarnin kwamfuta, kati ɗaya layi ɗaya, aiki guda yakan cika akwati. In akwatin ya zube, an shiga uku. Layin nan na gefe shi ke nuna maka katin da ya bar wurinsa.

Ya ce satinsa na biyu a aiki ya zubar da akwati guda a kan matakala, wanda ba a ja wa layi ba. Ya fito daga yaƙi ba shi da komai sai wando ɗaya, iyayensa a ƙauye shi suke jira, kuma ya tabbata korarsa za a yi. Madam ta zo ta same shi a durƙushe. Ya san 'yar Arewa ce, ya san irin gudun da suka yi, bai sa ran komai daga wurinta ba. Ta tattara katunan a gyalenta, suka zauna tun safe har la'asar tana ɗaga kowanne a haske tana karanta hujin da ido tana jerawa. Da oga ya tambayi dalilin jinkiri, ta ce tana sake dubawa ne. Da suka gama ta miƙa masa jan biro, ta raba tuwonta biyu.

Nan ya ciro hankici. Liman ya ce, "Allahu akbar," amma daga fuskarsa ka san har yanzu bai gane abin da ake hudawa ba, ko don me.

Nawa labarin da ita ya faro ne ina aji uku a jami'a, ina karatun kwamfuta. Akwai darasin da ya kayar da ni sau biyu. A da, in za ka rubuta manhaja, umarni kake jerowa daga sama zuwa ƙasa: yi kaza, sannan kaza. Shi kuwa wannan darasin sabon salo yake koyarwa. Sai ka fara tsara zubi, wanda muke kira kilas. Ka ce duk abin da ake kira mota yana da lamba, yana da kujeru, ana shiga, ana sauka. Daga zubin nan sai ka riƙa fitar da motoci ɗaiɗai, kowace tana riƙe da bayananta a cikinta. Wani zubin kuma yana iya gadon wani, ya ɗauki duk halayensa ya ƙara nasa. Na haddace duk wannan, ina iya zuba shi a jarrabawa. In na zauna gaban na'ura kuwa sai kaina ya ɗaure. Baba ya riga ya yanke hukunci: in na faɗi karo na uku, in ajiye biro in bi shi kara, kasuwar dabbobi, shanu ba sa bukatar digiri.

Aikin da aka ba mu shi ne manhajar tashar mota. Na yi bas goma. Amma da fasinja ɗaya ya shiga bas ta farko, sai duka goman su nuna suna da fasinja ɗaya. In ɗaya ta cika, duk sun cika. Na yi sati biyu a kai. Wata ranar Asabar Inna ta aike ni Ogbete in karɓo wake, na zauna a bencin Gwaggo da takardun da na buga a firinta ina kallonsu kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Tana kirana Mai Suna, don sunan mahaifinta na ci. Ta ce, "Mai Suna, wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa, Gwaggo. Karatu ne."

"Miƙo in gani."

Na miƙa mata don ladabi kawai. Ta goge hannu a zane, ta sa tabarau, ta fara bi da yatsa daga layin farko. Na zaci kwaikwayo take yi. Can ta tsaya.

"Wannan kalmar me take yi?"

"Ita ke ƙera sabuwar mota."

"Nan kuma inda yake zagayawa sau goma?"

Ban gaya mata cewa wurin zagaye ne ba. Na ce eh.

Ta yago gefen kwali, ta zana akwati ɗaya babba, ta zana ƙanana goma a jere, ta ja kibiya daga kowanne ƙarami zuwa babban. Wata mata ta zo sayen wake, ta auna mata mudu biyu ta dawo ta ci gaba.

"Motarka ɗaya ce," in ji ta. "Sau ɗaya ka ƙera ta, a wajen zagayen. Abin da ka jera sau goma adireshinta ne. Duk ƙofar da ka bi, mota ɗaya za ka tarar. Mayar da layin nan ciki."

Na duba. Haka ne. Sati biyu, layi ɗaya.

"Gwaggo, a ina kika san wannan?"

"Na taɓa huda kati a Fatakwal." Ta cire tabarau. "Matsalarka kana karanta abin da ka yi niyya. Ka riƙa karanta abin da ka rubuta. Kuma wannan maganar ta tsaya a rumfar nan, kada in ji ta a gida."

Na ɗauka mai huda kati ce kawai, irin wadda ake ba rubutun wasu ta buga, ta tsinci ɗan abu a hanya. Ba ta gyara min ba, ko sau ɗaya.

Daga ranar duk Asabar ina rumfa. Ba ta san sabon salon ba, kuma ba ta yarda da shi ba. Ni nake yi mata bayani, ita kuma tana jifana da tambayoyi har sai na gano ni ma ban gane ba. Ranar da na gaya mata cewa kowace mota tana rufe bayananta, ba mai taɓawa sai ta ƙofar da aka tanada, sai ta ɓata rai.

"Wa ya rufe?"

"Ni."

"Wa kake ɓoye wa?"

"Duk wanda zai taɓa manhajar nan gaba. Har da ni kaina."

"Kai ka rubuta abu, ka kulle, ka ɓoye wa kanka? Wannan wane irin hankali ne? Mu komai a fili yake, ka ɗaga kati ka gani."

Sati na gaba ina zuwa, kafin in zauna ta ce ta yi tunani. Ta ce akwai lokacin da wani ya canza lamba ɗaya a wurin da kowa ke ɗiba, aikin mutum huɗu ya lalace, aka yi kwana tara ana neman inda ɓarnar ta fito. "Da muna da ƙofar nan taku, da ba a yi haka ba. Wanda ya ƙirƙiro ta ya taɓa shan wuya." Ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta dai ƙara min wake a leda.

A kan maganar gadon zubi muka ɓata. Na tsara babban zubi na kira shi abin hawa, na ba shi taya, da ɗaukar kaya, da tayar da inji. Bas ta gaje shi, okada ta gaje shi, tirela ta gaje shi. Sai na tuna a tasha akwai masu baro, na sa baro ma ya gaje shi. Ina ta jin daɗin yadda komai ya jeru.

Ta bi da yatsa ta tsaya. "Baro yana da inji?"

"A'a. Na bar wurin ba komai a ciki."

"To in an ce kowa ya tayar da inji, shi me zai ce?"

"Zai yi shiru, a wuce."

"Wato zai ce ya tayar, alhali bai tayar ba. Ka koya wa na'ura ƙarya. Wata rana wani zai dogara da amsar nan."

Na ce haka ake yi, gado ke nan, yana rage maimaita rubutu. Ta ce ba duk abin da ya yi kama da wani ba ne ɗansa, in cire injin daga babban zubin in ba masu inji kaɗai. Hakan na nufin in warware aikin wata guda, ga lokacin miƙawa ya matso. Raina ya ɓaci. Na ce, a gaban maƙwabciyar rumfarta, "Gwaggo, wannan fa ba zamanin kati ba ne. Abin ya wuce inda kika tsaya."

Ta daidaita takarduna, ta ɗauko jan biro ta ja musu layi a gefe, ta miƙo min. Ta juya tana tsince wake.

Wata huɗu ba ta yi min maganar karatu ba. In na gaishe ta takan amsa, lafiya lau, ya gida. Abincina bai fasa zuwa makaranta ba, duk Juma'a sai ɗan okada ya kawo kwano. Ni kuma girman kai ya hana ni komawa rumfa.

Ranar kare aiki, malamai uku suna zaune. Komai ya tafi daidai har wata malama ta juya shafi ta ce, "Baro yana da inji?" Wallahi da kalmomin Gwaggo. Abin da ya cece ni shi ne na maimaita gyaran da Gwaggo ta faɗa, kamar ni na hango shi. Aka ba ni makin da ya tsallakar da ni da ƙyar. Ban bi Baba kara ba.

Na je rumfa da niyyar ba da haƙuri, na shirya jawabi tun a hanya. Tana ganina ta ce, "Mai Suna, baro ya tashi?" Na yi dariya, ta yi dariya, ta nuna min benci. Jawabin bai fito ba. Bai kuma taɓa fitowa ba har ta koma ga Allah. Na sha gaya wa kaina cewa dariyar ta wadatar. Tun da ta rasu ban tabbata ba.

Bayan na fara aiki, wata Sallah na zo gida da kwamfutar cinya. Na shiga ɗakinta da rana na nuna mata abin da muke bin kuskure da shi yanzu. Kana iya tsayar da manhaja tana cikin tafiya, ka taka ta layi bayan layi, ka buɗe cikin kowane abu ka ga abin da yake riƙe da shi. Ta matso da fuska kusa da gilashin.

"Yana tafiya kana kallonsa?"

"Eh, Gwaggo."

"Mu sai mu miƙa kati yau, jibi a dawo mana da takarda a ce akwai kuskure, ba a ce a ina ba." Ta juyo ta dube ni. "To ku da kuke da wannan, me ya sa har yanzu kuke kuskure?"

Sai na ga ta ɗora hannu biyu a kan madannan, kowane yatsa ya sauka a mazauninsa ba tare da ta duba ba. Yatsun da wake ya busar. Ta bar su a nan kamar na numfashi uku, ba ta danna komai ba, ta janye ta sa su ƙarƙashin mayafi. Na ce zan bar mata na'urar, ina da wata a ofis. Ta ce, "Ɗauke abarka. Ƙura za ta ci." Na nace, ta yi min kallon nan da mahauta ke magana, na rufe.

Abin da ya hana ni sukuni tun ranar sadakar uku shi ne dalilin da ya sa ta bar aikin. Na raka dattijon har mota na tambaye shi. Ya ce shi a ganinsa don an ɗora mata wani ne a kai, wanda ita ta koya wa aiki, saboda yana da takardar jami'a ita ba ta da ita. Amma ya ce wannan ya faru da kusan shekara kafin ta tafi, kuma ba ta nuna ya dame ta ba. Wata Litinin kawai ta ɗauki jakarta da tsakar rana, ba ta dawo ba. Ya ce da ya yi ritaya ya dawo Inugu, ya ci karo da ita a Ogbete. Ta gane shi, ta tambayi iyalinsa, ta auna masa wake. Da ya soma maganar da, sai ta ce, "Oga, fari kake so ko ja?"

Na tambayi Inna. Ta ce ita abin da ta ji shi ne idanun Yaya ne suka fara ciwo. Wata tsohuwa daga Anacha ta ce a'a, kakanmu ne ya kwanta rashin lafiya ba mai jinya. Na lissafa, na ga kakanmu ya yi shekara shida a raye da ƙafarsa bayan dawowarta. Kowa da nasa, ba wanda ya zauna daidai.

Ranar bakwai, bayan an watse, na sami Baba shi kaɗai a zaure bayan la'asar. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Ni na je na taho da ita."

Na ɗago kai.

"Ina da shekara ashirin da huɗu. Magana ta yi yawa a masallaci. Bazawara, ita kaɗai a Fatakwal, cikin maza, cikin Turawa. Kullum sai an jefa wa Malam, mahaifinmu, magana, shi kuwa ba ya cewa komai. Ni jinina ya tafasa. Ban gaya wa kowa ba na hau mota. Na je ƙofar kamfanin na ce a kira min ita."

"Me ka ce mata, Baba?"

"Abin da ke damuna ke nan. Ban ce komai ba. Na shirya maganganu tun daga Inugu, da ta fito na gan ta da katin aiki a wuya sai bakina ya mutu. Yayata ce, ita ta riƙe hannuna a hanyar Kano. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, 'Ka ci abinci?' Na ce a'a. Ta ce in jira. Ta koma ciki ta fito da jakarta. Muka ci abinci a bakin titi, muka wuce ɗakinta ta haɗa kaya, washegari muka taho."

"Ba ta taɓa yi maka maganar ba?"

"Ko sau ɗaya. Shekara arba'in da wani abu muna gida ɗaya. Wani lokaci in ce ni na raba ta da aikinta. Wani lokaci in ce dama ta gaji, zuwana ta samu ta fake da shi. Na so in tambaye ta a asibiti, sai na ga tana fama da numfashi." Ya murza carbinsa. "Ni fa na zaci tafireta take bugawa. Na ce tafireta ai ko a Inugu akwai."

Wani ɗan okada ya wuce yana ta hon.

Can Baba ya ce, "Kai aikinku ɗaya da ita, ko?"

"Kusan haka, Baba. Ta fi ni."

"To gaya min. Me take yi a wurin nan?"

Na fara. Na yi masa bayanin kati da huji, da yadda ake jera umarni na'ura ta bi, da yadda mutum zai zauna da fensir ya hango tafiyar mai cikin bututun da bai taɓa gani ba. Na gaya masa labarin bas goma, da na baro, har da maganar da na yaɓa mata a rumfa. Yana saurare, goshinsa a tattare. Na san fuskar mahaifina, na san rabin abin bai shiga ba.

Na kai ƙarshen bayani. Aka fara kiran magariba. Bai tashi ba, ya gyara zama ya share ido da bakin rawaninsa.

"Ban gane ba," ya ce. "In mun dawo daga masallaci ka sake min daga farko. A hankali."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya saka mata da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu da ta bari da tambayoyi a baki, Allah Ya yafe mana jinkirinmu.